Gadon da Kawu Ya Haɗa wa 'Yar Mai Awo

Kawuna kafinta ne, ƙanin mahaifiyata. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a shago ɗaya, can ƙarshen layi inda kwalta ta ƙare kwata ta fara. Duk wanda ya tashi a layin nan, in bai zauna a bencinsa a makaranta ba, to ya kwana a gadon da ya haɗa, ko ya ɓuya a kabad ɗinsa ranar da ake nemansa da bulala. Ba mai yawan magana ba ne. In ka kawo masa aiki sai ya bar ka ka gama bayaninka tas, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya yi zane a jikin guntun katako, ya ce, "Haka kake nufi?" In ka ce a'a, sai ya ce, "To, haka ya kamata ka nufa."

Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi koyon sana'a wurin wani tsoho mai faɗa. Shekara biyu ya yi bai taɓa zarto ba, sai share dusar katako da miƙe lanƙwasassun ƙusoshi. Ranar da aka ba shi zarton kuwa, a ranar ya rage wa babban yatsansa na hagu tsawo. Yakan ɗaga yatsan ya nuna wa masu son koyo, ya ce wannan ita ce takardar shaidarsa. 'Ya'yansa uku: mata biyu suna gidajen aurensu a nesa, namijin kuma direban babbar mota ne, sai a yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba. Shi ya sa ni da nake koyarwa a firamaren bayan layin na zama mai karanta masa takardu. Ba wai bai iya karatu ba ne sam. Lamba ba ta ɓace masa. Amma takardar gwamnati, in ji shi, an rubuta ta ne don a sa wa mutum ciwon kai. Yana kirana Malama, da zolaya, tun kafin in fara koyarwa.

Yana da shekara sittin da biyu aka zo faɗaɗa titi. Wata safiya muka tarar an zana jan fenti a bangon shaguna tara na layin, har da nasa. Layin fentin ya ratsa ta tsakiyar ƙofar shagon, wato rabi na titi ne, rabi nasa. Kawu ya tsaya yana kallon fentin ya daɗe, sannan ya shiga ya ɗauko tef ɗinsa. Ya auna daga bakin kwata zuwa bangon, ya sake aunawa, ya ɗauko tsohuwar takardar filin daga cikin gwangwanin da yake ajiye ta.

"Malama, karanta mini wannan lambar."

Na karanta.

"Sun yi kuskure," ya ce. "Mita biyu da rabi. Wanda ya yi awon nan daga cikin mota ya yi shi."

Na rubuta masa takardar koke. Daga nan muka shiga je-ka-ka-dawo. Ofishin filaye hawa uku ne, ba mai gaya maka ɗakin da za ka shiga sai ka hau ka sauko. A ce mai sa hannu ya tafi taro, a ce fayil ɗin yana wurin wanda ya tafi hutu, a ce a dawo ranar Talata. Mun je sau bakwai. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta ce masa ya haƙura ya nemi wani shagon tun ƙafafunsa suna ɗaukarsa. Ya ce mata injinsa na yanka an binne ƙafafunsa cikin siminti tun kafin a haifi autarsu, ina zai kai shi.

A zuwa na takwas aka tura mu wurin wata ma'aikaciya, safiyo ce, mai awon ƙasa. Ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, kuma tana da tsohon ciki, ko tashi daga kujera sai ta dafa tebur. Ba ta yi mana dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta karɓi takardar filin, ta buɗe wata taswira da ta rufe tebur ɗin gaba ɗaya, ta bi ta da yatsa.

"Baba, wa ya auna maka?"

"Ni na auna, ranki ya daɗe."

"Da me?"

Ya zaro tef ɗin daga aljihu. Ta dube shi, ta dubi tef ɗin, ta ce, "Ranar Alhamis zan zo."

Ba mu yarda ba, don mun saba. Amma ranar Alhamis da hantsi sai ga ta da abokan aikinta biyu da na'urarsu mai ƙafa uku. Rana tana dukan tsakiyar kai. Suka nemi turken siminti da aka kafa tun asali, wanda daga shi ake fara awo, aka rasa. Kawu ya ce yana cikin kwata, shara ta binne shi shekara da shekaru. Mazan biyu suka dubi kwatar suka dubi juna. Ita kuwa ta ce a kawo shebur. Aka tona, ta sauka da cikinta a kan wani katako da Kawu ya shimfiɗa mata, ta goge kan turken da takarda har lambar ta fito. Sa'a uku suka yi. Kawu ya kawo mata kujera, ta ce in ta zauna ba za ta iya tashi ba. Ya aika a sayo mata ruwan sanyi, ta nuna masa gorarta.

Awon ya nuna shagon Kawu yana cikin filinsa, ko taku ɗaya bai ci titi ba. Ya kuma nuna maƙwabcinsa, mai sayar da taya, ya ci fiye da yadda fentin farko ya nuna, domin shekarun baya ya turo rumfarsa da katangarsa gaba a hankali. Bayan wata guda katafila ta zo. Ta wuce shagon Kawu ba ta taɓa shi ba, ta kwashe wa Mai Taya kusan rabin wurinsa. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, tsintsiya ɗaya suke aro. Daga ranar Mai Taya ya daina amsa gaisuwarsa.

Abin matar nan ya tsaya wa Kawu a rai. Yana cikin goge katako sai ya tsaya ya ce, "Da cikinta fa, Malama. Cikin kwata." Ya ce ya rayu ya ga ma'aikata kala-kala, bai taɓa ganin wanda ya yi masa aiki bai tsaya yana sosa ƙeya yana jiran wani abu ba. Ya koma ofishin sau ɗaya don ya yi mata godiya, masinja ya ce ta tafi hutun haihuwa, ta samu 'ya mace.

A lokacin ne ya sauko da wasu katakon maɗaci da ya ajiye a saman rufin shagon tun shekara goma sha wani abu, waɗanda ya hana kowa, har da surukinsa. Ya fara haɗa gadon yara. Ba kullum yake taɓa shi ba, sai in aikin mutane ya yi sauƙi, don haka ya ɗauke shi fiye da shekara. Bai sa ƙusa ko ɗaya ba, haɗi ne na katako cikin katako. Ya yi masa shinge mai sauka da tashi, ya zagaye kowace kusurwa da sanfefa har sai da ya goga a kumatunsa ya ji ba kaifi. Ya yi shi da tsawo don yarinyar ta kai shekara shida tana kwana a ciki. Inna ta ce jikokinsa ma bai yi musu irinsa ba. Ya ce jikokinsa ba su shiga kwata saboda shi ba.

Nan ne laifina yake, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Ni na samo masa kwatancen gidan, ta hannun wata abokiyar aikina da suke unguwa ɗaya. Ina karanta jarida, ina koyar da yara, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa akwai doka a kan wannan ba. Na san cin hanci: a ba ka kafin ka yi, don ka yi. Wannan kuwa an gama aiki shekara ɗaya da rabi, an zuba kwalta, har ta fara fashewa. Me ya rage da za a saya?

Wata Asabar da safe aka ɗora gadon a amalanke, aka lulluɓe shi da tsohon zane, amma iska ta yaye rabi. Kawu ya sa rigarsa mai kyau ya bi mai amalanken a ƙafa. Sun wuce ta gaban Mai Taya yana zaune da wayarsa a hannu. Mai awo ba ta gida, an tura su aiki wani yanki na mako biyu. Mahaifiyarta ce ta fito, tsohuwa mai fara'a, ta ga gado ta yi ta sa albarka, ta sa aka shigar da shi ɗaki. Kawu ya dawo yana tafiya kamar an sauke masa buhu daga kai.

Bayan kwana goma sha shida, da la'asar, ina shagon na kawo masa saƙon Inna, sai ga mai awo ta sauko daga mota. Ta rame, takalmanta duk laka. Ta gaishe shi, ta ƙi zama.

"Baba, kai ka kai gado gidana?"

"Ni ne, 'yata. Ya yi mata daidai?"

"Ya yi. Amma don Allah ka aiko a ɗauke shi."

Kawu ya ajiye gudumar da ke hannunsa. "Wani abu ne ya karye?"

"Ba abin da ya karye. Doka ce ta hana. Ba a yarda in karɓi komai daga wanda na yi aiki a kan fayil ɗinsa ba, ko kafin aikin, ko bayansa."

"Ai ba ke na ba wa ba. Jikata na ba wa."

"Har 'ya'yana, har mahaifiyata, duk ɗaya ne a wurinsu."

"Na roƙe ki wani abu lokacin da kika zo?"

"A'a."

"Kin roƙe ni?"

"A'a, Baba."

"To ina laifin?"

Ta sa hannu ta murza idanunta. Ta ce ita ma ba ta ce akwai laifi a zuciyarsa ba, amma takarda ba ta duba zuciya. Kawu ya girgiza kai. Ya ce shekara arba'in da wani abu yana wannan sana'a, ba a taɓa dawo masa da aiki ba, ko kujerar tsuguno. Ya ce in ba ta so, ta faskara shi ta hura wuta, amma shi ba zai aika amalanke ya ɗauko kunyarsa ya ratsa da ita ta cikin layi ba. Ta dube ni kamar in sa baki. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce, "Haba Anti, tsoho ne, ki yi masa haƙuri."

Ta ce, "To, za mu yi magana," ta tafi. Daga baya muka ji yadda aka yi a gida. Yarinyar ta riga ta saba, in an ɗauke ta daga gadon sai kuka. Tsohuwa ta ce ba za a wulaƙanta dattijo a gidanta ba. Mijinta ya ce wa zai lura da gadon yara. Ita kuma ga aiki ya taru, ta ce gobe za ta rubuta ta sanar da ofis, goben ta zama mako, makon ya zama wata biyu.

Sai takarda ta zo. Masinja ya kawo ta har shago, Kawu ya sa hannu, ya aiko a kira ni daga aji. Kwamitin bincike ne yake gayyatarsa. An shigar da ƙorafi, tare da hoton gado a kan amalanke da Kawu yana bin sa a baya da rigarsa mai kyau. Na karanta masa sakin layin da aka ja wa layi: duk wanda ya ba ma'aikacin gwamnati wani abu mai daraja saboda aikin da ya riga ya yi, da ma'aikacin da ya karɓa, dukkansu sun saɓa doka, ko da babu alkawari tsakaninsu tun farko.

"Sake karantawa," ya ce.

Na sake.

"Wato godiya laifi ce yanzu."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya koma kan ƙyauren da yake yi. Na ga ya auna wuri ɗaya sau uku.

Wata biyar aka yi ana wannan bincike. A ce ƙarfe tara, mu isa takwas da rabi, mu zauna a baranda har azahar, sannan sakatare ya leƙo ya ce mutum ɗaya bai zo ba, an ɗaga. Bencin barandar yana girgiɗi, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Kawu yakan zauna a ƙarshensa ya danne shi da nauyinsa don kada ya dami mutane. A zuwa na uku ya zo da ɗan guntun katako a aljihu zai cusa a ƙarƙashin ƙafar, na riƙe masa hannu.

"Kawu, don girman Allah bar musu bencinsu. Kada a ce ka yi wa kwamiti kyauta."

Ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya mayar da guntun aljihu.

Mai awo tana zama a ɗaya ƙarshen barandar, ita kaɗai, da jaka a cinya. An dakatar da ita daga aiki tun farkon binciken. An hana su magana da juna, don haka sai dai ta sunkuyar da kai in mun zo, shi ma ya sunkuyar. Gadon kansa an ɗauko shi daga gidanta an ajiye a lungun matattakala, an manna masa takarda mai lamba. Duk zuwa sai mun wuce ta gabansa. Masu shara suna jingina tsintsiyoyinsu a jikinsa, wani ya ɗora kofin shayi ya bar masa zobe a kan katakon. Kawu bai taɓa juyawa ya kalle shi ba, amma na lura yakan rage sauri a wurin.

A watannin nan aiki ya ja baya. Wanda ya ba da kabad ya gaji da jira ya kai wani wuri. A layi ana ta magana, wasu su ce ashe sayen shagonsa ya yi da gado, wasu su ce ai dama ba a shiga kwata a banza. Inna ta daina zuwa famfon layi da safe, sai ta bari mutane sun watse. Ƙafafun Kawu suka fara kumbura saboda zama. Ɗansa direba ya bugo waya yana ta faɗa, wai a nuna masa Mai Taya. Kawu ya ce masa ya kula da titin da ke gabansa.

Ranar da aka saurare shi, mutum uku ne a bayan tebur. Shugaban dattijo ne mai furfura, muryarsa a dushe kamar wanda ya faɗi magana ɗaya sau dubu. Ya sa aka ba Kawu kujera. Kawu ya ba da labari tun daga jan fenti har amalanke, bai rage ba bai ƙara ba. Da aka tambaye shi ko saboda awon ya yi gadon, wani lauya da abokiyar aikina ta haɗa mu da shi ya riga ya ce masa ya ce zumunci ne kawai. Kawu ya ce, "Saboda awon ne, ranka ya daɗe. Da ba ta yi ba, ina na san ta?"

Shugaban ya cire tabarau ya ajiye. "Baba, mun tura wasu sun sake awon. Daidai ta yi, ba ta ƙara maka ko taƙi ba. Wannan ba mu da shakka a kai."

"To alhamdulillahi."

"Amma ka ji abin da ya sa aka yi dokar. In aka bari ana gode wa mai awo da kaya bayan ya gama, gobe in ya zo layinku, kafin ya buɗe na'ura zai fara duba wane ne mai iya godiya, wane ne ba zai iya ba. Ba sai an yi alkawari ba. Kowa ya san abin da zai biyo baya."

"Ita ba haka take ba."

"Na yarda. Amma ba ita kaɗai ce mai awo ba, kuma ba kai kaɗai ne a layin ba."

Aka kira Mai Taya. Na zaci zai shigo da ɗaga murya, sai na ga shi ma ya tsufa a 'yan watannin. Ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce shi bai san lissafin awo ba. Abin da ya sani, mata ta zo ta yi awo, aka rushe nasa aka bar na maƙwabcinsa, bayan nan ya ga an tura gado gidanta. Ya ce, "Ku gaya mini, in ku ne, me za ku ce?" Shugaban ya rubuta wani abu ya ce ya zauna.

A hanyar komawa, cikin bas, Kawu ya zauna a gefen taga har muka kusa sauka. Sannan ya ce, yana kallon taga, "Da ni aka rushe wa na ga haka, abin da zan ce ke nan."

Hukunci ya fito bayan mako uku. Kawu, saboda shekarunsa da kuma gaskiyar da ya faɗa, gargaɗi aka yi masa a rubuce, ya sa hannu cewa ba zai sake ba. Gadon ya zama na hukuma. Mai awo ita ta ɗauki nauyin, don ta san dokar kuma ba ta sanar a kan lokaci ba. Aka mayar da ita aiki, amma aka janye ƙarin girman da take jira, aka ɗauke ta daga fita awo aka kai ta ɗakin ajiyar taswirori, can ƙasan bene inda ba taga.

Kawu ya ce sai ya je ya ba ta haƙuri. Na ce ya bari ƙura ta lafa, ya ce ƙafafunsa ba su da tabbas. Muka je, hannu rabbana, ko goro bai yarda mu riƙe ba. Muka same ta tsakanin kantocin ƙarfe tana kaɗe ƙura daga wasu naɗaɗɗun takardu, fanka tana juyawa a hankali a samanta. Ta ga mu, ta jawo masa kujera.

"'Yata, na cuce ki."

"Baba, ba ka cuce ni ba. Na san abin da ya kamata in yi, ban yi ba."

"Kin zo har shago kin gaya mini. Girman kai ya hana ni ji."

"Ni ma gajiya ta hana ni rubuta layi uku." Ta yi ɗan murmushi. "An wuce wurin."

Ya tambaye ta yarinyar. Ta ce ta yi rigima kwana biyu, yanzu tana kwana a bayan kakarta, ta manta. Wani ya leƙo yana neman taswirar wata unguwa, ta miƙe ta hau ɗan tsani ta ɗauko masa. Da ta sauko ta ce, "Gadon ya yi kyau, Baba. Ban samu na gaya maka ba. Ka je gida ka huta."

Shekara uku ya ƙara a shagon. Shi da Mai Taya sun koma gaisawa, gaisuwar ina kwana lafiya lau, ba ta wuce nan ba. Daga baya idonsa ya fara yin hazo, ya yanka katakon wani ba daidai ba har sau biyu, sai ya kira wani tsohon almajirin sana'arsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya damƙa masa mabuɗi. Yanzu yana gida. Da hantsi yakan fito ƙofa ya zauna, matan layi su kawo masa kujerun da suka saki, ya lalubi inda ya kwance da yatsa ya ɗaure. Mai awo kuwa na ji ta yi shekara huɗu a ƙasan benen kafin a mayar da ita fili. Ba su sake haɗuwa ba.

Watan jiya na kai shi asibitin ido. Layi ya yi tsawo, muka wuni. Wata nas ta lura da ƙafafunsa, ta kawo masa abin ɗora su, ta ɗiga masa magani a hankali tana ce masa Baba kada ka ƙifta. Mun fito har mun kai bakin ƙofa sai ya ja ya tsaya, ya riƙe hannuna.

"Malama, da baki dai ba a hana ba ko?"

"Me, Kawu?"

"Godiyar."

Na ce ba a hana ba. Ya juya yana lalube bango, ya koma har ƙofar ɗakin. Tana kan wani majinyacin, ko ɗago kai ba ta yi sosai ba. Ya ce mata Allah ya yi albarka, ta ce amin Baba, a kula da matattakala. Muka fito muka tsaya a bakin titi. Bas biyu suka wuce a cike, ya ce in nemo masa inda zai zauna kafin ta uku ta zo.